Gashi ya cika bayan gida, ƙwai ya ɗauke: ciwo ne ko sauyin gashi?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa masu kiwo. Don Allah shawara nake nema. Ina da kaji 14 a bayan gida nan Zariya. Goma jajayen leyas ne da na saya bara war haka suna dab da fara ƙwai, sai kajin Hausa uku da zakara ɗaya. Tun da iska ta juya gashinsu yake zuba, kuma ba ɗan kaɗan ba. Kullum da safe sai na cika abin kwasar shara. Guda biyu wuyansu da ƙirjinsu duk fata ce a waje, ɗaya ma jelarta ta tafi gaba ɗaya. Ƙwan da nake ɗauka 8 ko 9 a rana ya koma 2. Maƙwabciyata ta ce in jiƙa musu kafso ɗin nan ja da yalo a ruwa. Maigida kuma ya ce a yanka su kafin su mutu a yi biyu babu. Me kuka gani?

Sarkin Zakaru: Wa alaikumus salam. Hajiya ki sayar tun da sauran nama a jikinsu. Hunturu ne ya shigo, fakat, annobar kajin nan da ake kira Newcastle, kuma ba ya sallama.

Hajiya Kaka: Kai yaro, wane irin fakat? Kazar da fakat ya kama tana da lokacin zubar da gashi ne? Sai dai ka ga ta yi tsuru a gefe, ta saki fuka-fuki, tana haki, kashinta kore shar, wata wuyanta ya murɗe. Kafin ka ankara akurki ya zama wayam. Maman Ilham, 'yata, faɗa mini: suna ci? Suna tono? In kin fito da kwanon dusa suna rugowa?

Maman Ilham: Hajiya suna ci sosai, har faɗa suke a kan abinci. Kashinsu ma yadda na saba gani. Zankonsu ne dai ya yi fari-fari ya ɗan yanƙwane, kuma ba sa son a taɓa su. Wadda da take zuwa har ƙafata yanzu gudu take.

Hajiya Kaka: To ki kwantar da hankalinki. Sauya gashi suke. Tun muna yara muke ganin haka a kajin iyayenmu, musamman wadda ta gama renon 'yan tsaki. Ba wanda ya taɓa kai ta asibiti.

Sarkin Zakaru: Hajiya Kaka, na ji. Amma kajin da ba irin na yanzu ba ne. Na gidan gona ko atishawa ka yi kusa da su sai su kwanta.

Likitan Kaji: Salamu alaikum. Maganar Hajiya Kaka ce ta fi kusa da gaskiya, amma kada mu yanke hukunci daga nesa. Maman Ilham, akwai abin da nake so ki duba yau da daddare, bayan sun hau katakon kwana sun natsu. Ki ɗauki tocila, ki kama ɗaya a hankali, hannu biyu a kan fuka-fuki.

Ki fara da wurin da fata ta fito. In sauyin gashi ne za ki ga fatar tsaf, ba rauni, ba ɓawon ciwo, kuma wasu tsinkaye na hudowa daga cikinta tsaye-tsaye kamar ƙayar bushiya. Sabon gashi ke nan yana cikin kubensa. Sannan ki lura da inda zubar ta fara. Na sauyi yakan bi tsari: kai da wuya, ƙirji da baya, sannan fuka-fuki da jela. In kuwa bayan kaza kaɗai ne ya goge, da ƙeyarta, sauran jiki lafiya lau, wannan aikin zakara ne. In gashin a karye yake, guntun karansa na maƙale a fata, musamman wajen gindin jela, 'yan uwanta ne ke fizgarta.

Daga nan ki buɗa gashin da ke kewaye da duburarta da ƙarƙashin fiffike. Ƙwarƙwata za ki gan ta tana gudu, kuma takan bar fararen ƙwayayenta dunƙule a gindin gashi. Ki haska katakon da suke kwana a kai da tsagar bango ma, don akwai ƙananan ƙwari jajaye da kaskar kaji da ba sa zama a jikin kaza da rana. Da dare suke fitowa su sha jini su koma.

Zanko ya yi fari ya yanƙwane, wannan bai dame ni ba. Duk kazar da ta tsayar da ƙwai haka nata yake komawa. Shekarunsu ma sun yi daidai: kin same su suna da kamar wata huɗu da rabi, kin ƙara shekara, sun kai wajen wata 16 ko 17 ke nan, kuma a nan ne kaza ta saba yin babban sauyin gashinta na farko.

Kafso kuma ki ajiye shi. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ne, nan kuwa ba cutar da zai kashe. Asarar kuɗi ce, sannan zai sauka cikin ɗan ƙwan da ya rage, yaranki su ci.

Anti Bilki: Dakta Allah ya saka da alheri. Wannan kafso ya zama ruwan dare. Kaza ta yi tari, kafso. Kaza ta yi ɗingishi, kafso. Kaza ta yi shiru tana tunanin duniya, kafso.

Ɗalibin Noma: Dakta ina da tambaya. A abin da muka karanta, raguwar tsawon rana ce ke sa kaji sauya gashi, shi ya sa a Ingila da Amurka suke yi daga watan Satumba zuwa Nuwamba. Mu kuwa ranarmu kusan ɗaya ce duk shekara. To me zai sa kaji 10 su fara a lokaci guda? Ni dai ina ganin akwai wani abu a ƙasa.

Likitan Kaji: Tambaya mai kyau. A Landan yini yakan wuce awa 16 a watan Yuni, ya dawo ƙasa da awa 8 a Disamba. Mu a Kano ko Zariya bambancin bai kai awa ɗaya da rabi ba, daga kusan awa 13 zuwa kamar 11 da rabi. Saboda haka kajinmu ba su da wata ɗaya tsayayye da kowa ke zubar da gashi. Kazar Hausa takan yi nata bayan kwanci da reno, kowace da lokacinta. In ka ga garke guda ya fara tare, galibi wani abu ne ya girgiza su: sun yini ba ruwa, an sauya musu abinci farat ɗaya, an canja musu wuri, ko fitilar da suka saba da ita ta ɗauke. Kazar da shekarunta suka kai, ɗan abu kaɗan ke tunzura ta. Maman Ilham, akwai abin da ya canja a watan da ya wuce?

Maman Ilham: Akwai kam. Ƙwan fitilar sola da ke akurkin batirinsa ya mutu, da yakan kai ƙarfe tara na dare a kunne. Sannan da buhun abinci ya ƙara kuɗi sai muka fara haɗa shi rabi da rabi da dusar masara.

Likitan Kaji: To ga amsarka nan, Ɗalibi. Daga awa 15 na haske suka faɗo ƙasa da 12 a dare ɗaya. Jikinsu ya ɗauka lokacin hutu ya yi. Leyas na buƙatar awa 14 zuwa 16 kafin su riƙe ƙwai yadda ya kamata.

Sarkin Zakaru: Ashe da sauƙi. Ta sayi batir gobe, ƙwai ya dawo jibi.

Likitan Kaji: A'a, ranka ya daɗe. Tun da sun riga sun fara, a bar su su gama. Kaza ba ta iya ɗaukar nauyin ƙwai da nauyin sabon gashi tare. In ka matsa mata da haske yanzu za ka samu ƙwai jefi-jefi, gashin ya tsaya rabi, ga sanyi na ƙaruwa. A mayar da fitila in sun rufe jikinsu, kuma a riƙa ƙara lokacin kaɗan-kaɗan, kamar rabin awa duk mako.

Maman Ilham: Na duba kamar yadda Dakta ya ce. Tsinkayen nan suna nan birjik a wuya da ƙirji, wasu gindinsu baƙi-baƙi. Ban ga ƙwarƙwata ba. Amma kazar Hausa ɗaya na ga wasu baƙaƙen abubuwa manne a gefen idonta da zankonta, ba sa motsi.

Hajiya Kaka: Ƙuma ce. Ki shafa mata man basilin ko man kaɗanya a wurin, ki rufe su ruf, za su mutu su kaɗe. Kada ya shiga ido. Ki share ƙasan akurkin ki ƙone sharar, don a nan suke haihuwa. Sannan ki samu tsohon baho ki zuba yashi da toka mai sanyi ki ajiye inda rana ke bugawa. Su da kansu za su yi birgima su yi wa kansu magani.

Baban Yara: Mu fiya-fiya muke fesa musu, nan take komai ke mutuwa. Wasu kuma kananzir da baƙin mai.

Likitan Kaji: Don Allah Malam a daina. Fiya-fiya guba ce da ke ratsa fata, kaza mai cikakken gashi ma tana iya kashe ta, balle wadda fatarta ke buɗe. Ga wanda zai ci ƙwan, ga mai fesawar. Kananzir da baƙin mai kuma ƙona fata suke. In ƙwari sun yi yawa a je shagon magungunan dabbobi a nemi hodar da aka yi don kaji, a bi abin da aka rubuta a jiki.

Baban Yara: Shekara nawa muna yi ba abin da ya faru.

Anti Bilki: Allah ne ya tsare, Baban Yara.

Uwar Marayu: Ni abincin nake so a yi magana a kai. Nawa ma biyu sun fara. Me ake ba su?

Likitan Kaji: Nan ne aikin yake. Gashin kaza sama da kashi 80 cikin 100 furotin ne, wato sinadarin gina jiki. Kazar da za ta sake tufatar da kanta daga kai har jela, daga abinci za ta samo shi, in bai isa ba ta ciro daga naman ƙirjinta. Abincin leyas na buhu yakan zo da furotin kashi 16 zuwa 17. Masara kashi 8 zuwa 9 ce kawai, dusarta ma ba ta wuce nan da nisa ba. Ke nan haɗin rabi da rabi na Maman Ilham ya sauko wajen kashi 13. A wannan lokaci kuwa kashi 18 zuwa 20 ake so.

Hanya mafi sauƙi ga mai hali: a sayi abincin 'yan tsaki ko na buroila a ba su shi na 'yan makonnin nan. Amma shi ba shi da sinadarin ƙarfin ɓawo da yawa, don haka a ajiye dakakken ɓawon ƙwai da aka gasa, ko garin ƙashi, a wani kwano daban. Wadda ke ƙwai za ta je ta ci, wadda ta tsaya ba ruwanta.

Ga wanda zai haɗa da kansa: ƙuli-ƙuli na da furotin kashi 40 zuwa 45. In ka auna abincin leyas kashi 9, garin ƙuli kashi 1, ka kai kusan 19. In dawa da dusa kaɗai kake ba su, sai ka yi 7 da 3. Da nauyi nake nufi, ba da cikar mudu ba, don mudun dusa da mudun ƙuli ba nauyinsu ɗaya ba.

Hajiya Kaka: Dakta ka bar wani abu. Ba ƙulin talla ba, wanda aka sa wa gishiri da yaji da sukari. Ta je wurin masu matsar mai ta ce tunkuza take so, ta shanya ta bushe ƙarau. In ta ji yana warin rima ko ta ga kore-kore a jiki, ta zubar.

Likitan Kaji: Gaskiya ne Hajiya. Gyaɗar da ta yi funfuna tana ɗauke da gubar afulatoksin mai lalata hanta, kuma dafawa ba ta kashe ta. Gishiri mai yawa ma yana sa su zawo. Wani abu kuma: gyaɗa ba ta da isasshen methionine, wani sinadari ne a cikin furotin wanda gashi ke buƙata sosai. Riɗi na da shi. Ɗan tafin hannu na riɗi ko tunkuzarsa, ko garin ƙananan busassun kifi da bai sha gishiri ba, zai cike wannan giɓi. Waken soya ma yana da kyau ƙwarai, amma sai an soya shi ko an dafa. Ɗanyensa na hana hanji amfana da furotin ɗin.

Malam Na Maraɗi: Salamu alaikum jama'a. Mu nan wajenmu mutanen ƙauye gara suke kamo wa kaji. A samu tsohuwar tukunya, a cusa karan dawa da busasshen kashin shanu, a yayyafa ruwa, a kife ta inda gara ke bi, a rufe ta daga rana. Washegari da sassafe a ɗaga a juye musu. Ba ko dala. Kaza mai sauya gashi in ta samu wannan kullum za ka ga bambanci.

Ɗan Jos: Malam ka manta fara. Ku da kuke da ita buhu-buhu.

Malam Na Maraɗi: Haba, farar da mu ma sai mun yi ciniki kafin mu ci? Kaza ta yi haƙuri.

Uwar Marayu: Zogale fa? Ina da bishiya biyu a gida.

Likitan Kaji: Ki ba su. Ki shanya ganyen a inuwa ki murje, ki barbaɗa kaɗan a abinci, ko ki rataye reshen ɗanye su yi ta tsattsaga, ya ɗauke musu hankali daga jikin juna. Sai dai ƙari ne, ba zai maye gurbin ƙuli ko soya ba. Abin da za a rage shi ne watsa musu tsabar masara da ragowar tuwo da shinkafa da rana tsaka. Suna cika ciki da su, su ƙi cin mai amfanin. In za a ba da tsaba, a bari sai dab da magariba, ɗan kaɗan, su kwana da abu a ciki.

Ɗan Jos: Ni maganar sanyi zan yi, don mu ne masu shi. A Disamba da Janairu akwai daren da Jos ke sauka ƙasa da digiri 10. Jikin kaza kuwa yana wajen digiri 41, kuma gashi ne ke riƙe mata wannan zafi. Wadda ta tuɓe, abincin da ya kamata ya tafi gashi sai ya tafi ɗumama jiki. Abin da nake yi: iskar hunturu daga gabas maso arewa take zuwa, to wannan ɓangaren na akurki nake rufewa da buhuna ko zana, in bar sama a buɗe don iska ta fita. Kada a toshe ko'ina da leda. Warin kashinsu in ya taru yana kama musu ido da ƙirji, ya fi sanyin illa. A ƙasa kuma in zuba buntun shinkafa ko dusar katako da kauri, a bushe.

Sarkin Zakaru: Kurfoti fa? Mu garwashi muke sa wa 'yan tsaki.

Ɗan Jos: 'Yan tsaki daban. Manyan kaji ba sa buƙata, suna matsuwa da juna su yi ɗumi. Garwashi a rufaffen akurki ga hayaƙi ga gobara, ga buntu a ƙasa. Ni ban yarda da shi ba.

Alhaji Mai Ƙwai: Na karanta duk abin da kuka rubuta, kuma ban ga wanda ya yi lissafi ba. Ku bari in faɗi abin da ba a so. Kazar leyas tana cin gram 110 zuwa 120 a rana. Kaji 10 sun wuce kilo ɗaya ke nan kullum, buhu mai kilo 25 ba zai kai musu wata ba. Sauyin gashi yakan ɗauki mako 8 zuwa 12, wata ma ta wuce. Wato buhu uku ko huɗu za su shige ba kiret ko ɗaya. Ga Kirsimeti na tafe, lokacin da tsofaffin leyas ke daraja a kasuwa. Maigidanki bai yi kuskure ba, Hajiya. Sabo da kaza ba ya hana a yanka ta.

Anti Bilki: Alhaji wa zai sayi kaza tsirara da daraja? Ɗan kasuwa na ganinta zai ce mara lafiya ce, ya karya farashi. Mai figa ma sai ya tsine wa tsinkayen nan.

Alhaji Mai Ƙwai: Shi ya sa mu ba ma bari su kai nan. Suna cika shekara da rabi muke fitar da su mu zuba sababbi.

Hajiya Kaka: Alhaji kai kana da dubbai, ita tana da goma. In ta sayar yau, da me za ta mayar? Ka faɗa mata kuɗin budurwar kaza mai dab da ƙwai a yanzu. Ko ta sayo 'yan tsaki, sai ta ciyar da su wata huɗu da rabi kafin ta ga ƙwai, ga allurai, ga waɗanda za su mutu a hanya. Waɗannan kuwa sun riga sun san gidan, sun tsallake cututtukan ƙuruciya. Wata biyu ko uku ne.

Likitan Kaji: Kowannenku na da gaskiyarsa, kuma ba dole a yi wa duka goman hukunci ɗaya ba. Kaza in ta dawo daga sauyin gashi ƙwanta yakan fi girma, ɓawonsa ya fi ƙarfi, amma yawansa ba ya kai na shekarar farko. Akwai yadda ake gane wadda ta cancanci jira. Ki buɗe fiffikenta, manyan gashin da ke can baki guda 10 ne. Wadda ta zubar da uku ko huɗu a tare, ta yi muni sosai, ita ce gwanar ƙwai: ta jinkirta sauyi har ƙarshe, za ta yi shi da sauri ta koma aiki. Wadda kuwa ke yar da ɗaya yau, ɗaya bayan mako biyu, kullum tana nan fes, ita ce mai cin abinci a banza, don kowane gashi ɗaya sai ya ɗauki kamar mako 6 kafin ya cika. In za a yanka, a fara da kyakkyawar.

Maman Ilham: Ikon Allah. Wadda jelarta ta tafi ita maigida ya nuna da farko.

Alhaji Mai Ƙwai: In an yanke shawarar riƙe su, akwai hanyar gaggawa da wasu gonaki ke bi. A janye abinci na kwanaki, a rage haske, duk su zubar da gashi a tare, su dawo a tare. Ba na cewa ta yi, ina dai faɗin abin da ke akwai.

Malam Na Maraɗi: Subhanallah. Alhaji, a kulle dabba a hana ta abinci? Ka san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nema da kanta ba.

Alhaji Mai Ƙwai: Malam ai na ce ba na cewa ta yi.

Likitan Kaji: Ko a Turai doka ba ta yarda da hana kaji abinci don wannan ba, kuma manyan masu ƙwai na Amurka sun bar shi tun 2006. Yunwa na karya garkuwar jiki, cutar salmonela ta samu hanya. Ballantana kajin da suka riga suka fara da kansu, ba abin da yunwa za ta ƙara musu sai rama.

Uwar Marayu: Jama'a ku taimaka, yanzu na leƙa na ga ɗaya jini na zuba a bayanta, sauran sun taru a kanta suna sara.

Hajiya Kaka: Cire ta maza! Kaji in sun ga ja ba sa bari.

Likitan Kaji: Sabon gashi ne ya karye. Yana da jijiyar jini a ciki har sai ya gama girma, shi ne baƙin da Maman Ilham ta gani a gindinsu, shi ya sa kuma ba sa son a taɓa su. Ki danna wurin da tsumma mai tsabta na 'yan mintuna, ki barbaɗa garin fulawa ko sitaci ki sake dannawa. In ya tsaya ki shafa shuɗin maganin ciwon nan da ake kira GV, yana busar da rauni yana kuma ɓoye jan. Ki sa ta a keji ko ki kife ta da kwando a inda za ta riƙa ganin 'yan uwanta, da ruwanta da abincinta. In kin kai ta can nesa, ranar da za ta dawo za su ɗauke ta baƙuwa, faɗa ya dawo sabo.

Uwar Marayu: Ya tsaya, alhamdu lillahi. Na kife ta.

Ɗan Jos: Ki ƙara kwanon abinci da na ruwa a wani lungu. Masu sauya gashi su ake kora daga kwano. Maman Ilham ke ma ki raba zakaran nan da su na ɗan lokaci, hawansa kaɗai ya isa ya karya musu tsinkayen baya. A hana yara kamun kaza, kuma kada a kawo sabuwa cikinsu yanzu.

Sarkin Zakaru: Zakara ɗaya da mata 13, yanzu kuma a ce ya koma gwauro. Allah sarki.

Ɗalibin Noma: Dakta, allurar rigakafi fa? Na san an ce kada a yi wa kaza mara lafiya. Mai sauya gashi tana ciki?

Likitan Kaji: Ba ta ciki, muddin tana ci tana sha, idonta garau. A nan kuma tsoron Sarkin Zakaru na da tushe, don da hunturu ne fakat ya fi ɓarna a kajin gida, kuma kazar da jikinta ke fama da gashi ba ta da ƙarfin da za ta yi jayayya da shi. In an wuce wata uku rabonsu da Lasota, wato rigakafin fakat, a ba su. Ta ruwan sha ta fi dacewa yanzu tun da ba sai an kama su ba. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, kusa da Jos, tana yin ta, tana kuma yin I-2 wadda ta fi jure zafi. A saya inda ake ajiye ta a firji, a ɗauko ta cikin ƙanƙara. A janye musu ruwa kamar awa ɗaya ko biyu da sassafe, a haɗa da ruwan rijiya ko na burtsatse, ba na famfo mai sinadarin kulorin ba, a ajiye a inuwa, su shanye cikin awa biyu. Abin da ya rage ba a ajiyewa.

Maganin tsutsar ciki kuma, in ba dole ba, a jira gashi ya cika. Irin su fenbendazole na iya sa sabon gashi ya fito a lanƙwashe.

Abin da zai sa a nemi likita nan take: kaza ta daina ci, tana minshari ko majina, fuska ta kumbura, zanko ya koma shuɗi-shuɗi, ko a wayi gari biyu uku sun mutu. Wannan ba sauyin gashi ba ne. A sanar da ofishin dabbobi mafi kusa, kada a yanka a ci, kada a kai kasuwa. Tun 2006 da murar tsuntsaye ta fara ɓulla a jihar Kaduna take dawowa lokaci-lokaci, kuma galibi a irin wannan yanayi.

Anti Bilki: Matsalar Lasota ita ce kwalbar ta kaji 100 ce ko 200, ni kuwa 9 gare ni.

Hajiya Kaka: Ku haɗa kai da maƙwabta mana. Mu a layinmu rana ɗaya muke tsayarwa, mutum ɗaya ya sayo, a haɗa a gida ɗaya, kowace ta aiko yaro da kofi mai murfi ya ɗiba ya ruga. Kajin maƙwabcinki in ba a yi musu ba, ai ta katanga ciwon zai shigo miki.

Anti Bilki: 'Yan Zariya da ke nan, wa ke so mu haɗa ranar Asabar? Ni zan sayo, ina da kular ƙanƙara.

Maman Ilham: Ki sa ni, 14.

Uwar Marayu: Ni 6. Wadda ta ji ciwon ma a ba ta?

Likitan Kaji: In tana ci, a ba ta. Ki zuba mata nata daban a ƙarƙashin kwandon.